Yini Uku a Masai Mara: Abin da Farashin Kamfanin Safari Ya Ƙunsa da Abin da Ya Bari a Wuyan Matafiyi

Ƙananan kamfanonin yawon buɗe ido da ke birnin Nairobi na ƙasar Kenya suna da yawa ƙwarai, kuma kusan dukkansu haja ɗaya suke tallata wa baƙon da aljihunsa bai yi nauyi sosai ba, wato tafiyar yini uku da kwana biyu zuwa gandun namun daji na Masai Mara, a cikin mota ɗaya tare da wasu baƙi, inda ake dunƙule masauki da abinci da kuɗin shiga cikin farashi guda. Wannan hidimar na saya daga hannun ɗaya daga cikinsu a watan Yuni, kuma ita zan yi wa sharhi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin abin da na tarar a wurinsa, mai daɗi da marar daɗi, ba halinsa ba ne shi kaɗai. Haka kasuwar take tafiya, kuma wanda ya gane yadda take zai iya auna kowane kamfani da kansa. Ma'aunina shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka rubuto wa mutum tun yana gida da kuɗin da ya tarar ya kashe ranar da ya dawo, da kuma wanda ke da alhakin wannan tazara.

Farashin da suka aiko mini ya ɗan haura dala 500 ga mutum ɗaya. Da farko adadin kawai suka rubuto, amma da na nemi a warware mini shi filla-filla ba su yi nauyin baki ba, washegari takarda ta iso da kowane kaso a layinsa. Wannan shi ne abu na farko da zan yaba musu da shi, domin takardar ce ta nuna mini cewa dala 200 daga cikin kuɗin ba ta kamfanin ba ce ko kaɗan, kuɗin shiga gandun ne na yini biyu, wanda ke tafiya asusun gwamnatin gundumar Narok da gandun ke ƙarƙashinta. Abin da ya rage shi ne za a sayi man tafiyar da ta haura kilomita 200 zuwa da wasu 200 dawowa, ban da zagayen cikin daji, a biya direba, a biya masauki da abinci, sannan kamfani ya fitar da ribarsa. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga cewa wurin neman ragi ba shi da faɗi, kuma zai fara zargin duk tallan da ya zo da farashin da ya gaza haka da nisa. Galibi irin wannan talla ko dai ya cire kuɗin shiga ya rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, ko kuma ya ƙidaya tikitin yini ɗaya kacal. Araha ba ta ado.

Kuɗin shigar nan ya cancanci a daɗe a kansa, saboda shi ne ginshiƙin kasafin gaba ɗaya. Tun daga farkon shekarar 2024, babban mutum da ba mazaunin Kenya ba yana biyan dala 100 a kowane yini daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni, sannan dala 200 daga ɗaya ga Yuli zuwa ƙarshen Disamba, yara kuma dala 50. Kafin wannan sauyi kuɗin bai wuce dala 80 ba, shi ya sa yawancin tsofaffin bayanan da mutum zai ci karo da su a intanet suke ɓatar da mai lissafi. Zama ɗan Afirka ba ya rage wa ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar ko kwabo a wannan ƙofa. Rangwamen na 'yan Kenya ne da mazaunanta da maƙwabtansu na Gabashin Afirka. Idan magidanci ya tafi da matarsa da 'ya'ya biyu da suka kai shekarun biya, tikitin yini biyu zai ci musu dala 600 a watan Yuni, amma dala 1,000 a watan Agusta, alhali daji ɗaya ne, zakuna ma su ne dai. A lokacin da dala take sama da naira 1,500, wannan bambanci na dala 400 ya haura naira 600,000. Wanda ya saba da gandun Yankari, inda ake biyan kuɗin ƙofa da naira, sai ya sake zama ya daidaita tunaninsa kafin ya fara wannan lissafi.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya fi ƙarin kuɗin cizo, ko da yake ba a cika maganarsa ba. A da tikiti yana aiki ne na awa 24, yanzu kuwa na awa 12 ne, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Jadawalin da waɗannan kamfanoni suka gada tun zamanin tsohon tsari bai canza ba: a bar Nairobi da safe, a isa masauki bayan azahar, a ci abinci, a shiga daji wajen ƙarfe huɗu, a fito da faɗuwar rana. Ma'anar haka ita ce ana biyan kuɗin cikakken yini a kan zagayen da bai wuce awa biyu ba. Na tambayi ma'aikaciyar kamfanin ko za a iya barin yammacin ranar farko a huta, a yi amfani da tikitin a safiyar rana ta uku, lokacin da namun daji suka fi fitowa kuma mutum zai samu awa uku ko huɗu kafin a kama hanya. Ta amsa mini da gaskiya cewa shawarar ta fi ma'ana, amma a motar haɗaka ba mutum ɗaya ke da ta cewa ba, sai idan duk fasinjoji sun yarda ko kuma na ɗauki mota ni kaɗai. Ban samu abin da na so ba, amma an faɗa mini tun kafin in biya, kuma a wannan kasuwa hakan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambayar da ta biyo baya ita ce me mutum yake saye da ninkin kuɗin da ake biya daga Yuli. Amsar ita ce ƙaurar nan ta shekara-shekara, lokacin da dabbar daji mai kama da saniya da mutanen can ke kira nyumbu, sama da miliyan guda, tare da garken jakunan dawa, suke ƙetarowa daga Serengeti ta ƙasar Tanzaniya suna bin ciyawa, su yi ta tsallaka kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba, kadoji na jiransu a ruwa. Abin kallo ne da ba shi da na biyu, amma babu kamfanin da zai iya yi wa mutum alkawarin ganin tsallakawar a cikin yini ɗaya da rabi, domin garken kan taru a bakin gaɓa na sa'o'i sannan ya juya baya. A wannan lokaci ne kuma kuɗin masauki ke tashi, motoci su yi cincirindo a kan duk zakin da aka hango. A ganina, wanda zai je karo na farko kuma yana ƙirga kuɗinsa, watan Yuni ko Janairu da Fabrairu sun fi masa riba nesa ba kusa ba. Afrilu da Mayu sun fi kowane lokaci araha, sai dai damina ce mai ƙarfi, baƙar ƙasar wurin tana riƙe mota, wasu masaukan ma rufewa suke yi. A Yunin da na je ciyawa ta yi tsawo, wanda ke ɗan wahalar da hange, amma mun ga zakuna da 'ya'yansu, da giwaye, da ɓauna, da raƙuman dawa, da kuraye, da dorinar ruwa da kada a bakin kogi. Damisa daga nesa muka hango ta a kan bishiya, karkanda kuwa ba mu gani ba sam. Takardar kamfanin ba ta yi alkawarin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma direban ya faɗa tun da wuri cewa mai son ganin karkanda ya ƙara yini guda ya biya ta gandun tafkin Nakuru, ko ya leƙa gandun da ke gefen birnin Nairobi.

Ranar tafiya motar da ta zo ɗaukata tana ɗauke da sunan wani kamfani daban, ba wanda na biya ba. Wannan ba zamba ba ce, amma ya kamata mai saye ya san da shi. Yawancin ƙananan kamfanonin nan ba su da isassun baƙin da za su cika mota kowace rana, saboda haka sukan haɗa fasinjojinsu su miƙa wa wanda ke da mota a ranar, kowa ya riƙe nasa kason. Sakamakon haka shi ne mutane bakwai da ke zaune a mota ɗaya, suna kallon giwa ɗaya, suna iya kasancewa sun biya farashi daban-daban har kala huɗu, kuma da hira ta yi nisa a hanya mun gano hakan a tsakaninmu. Nawa yana tsakiya, saboda haka ban ji ciwo ba. Abin da ya fi damuna shi ne batun alhaki: idan wani abu ya lalace, wanda ka biya yana Nairobi, wanda ke tare da kai kuma bai taɓa ganin takardarka ba. Maganinsa shi ne a sa kamfani ya rubuta irin motar, da iyakar adadin fasinjoji, da sunan masaukin, a kuma riƙe kwafin a waya. Ni Land Cruiser aka rubuta mini kuma ita ta zo. Akwai farashi mai rahusa na ƙaramar bas ƙirar Hiace mai buɗaɗɗen rufi, wadda ke yin aikin idan ƙasa ta bushe, amma bayan na ga hanyoyin cikin gandun ba zan ba kowa shawarar ya yi tsimi ta wannan fuska a lokacin ruwa ba. Dabarar ɗaukar hayar ƙaramar mota a tuƙa da kai ma ta rufe, tun da hukumar Narok ta hana motocin gida zagaye a cikin gandun a shekarar 2024.

Hanyar takan ci awa biyar zuwa shida. Ana gangarawa babban kwarin nan na Rift kafin garin Mai Mahiu, a wuce garin Narok, sannan a nufi ƙofar gandun da ake kira Sekenani. A bakin gangaren kwarin ana tsayawa ɗaukar hoto, kuma ba a banza ba wurin tsayawar yake gaban shagon kayan tsaraba, inda ake kiran farashin mayafin ƙabilar Masai, mutanen yankin, da sarƙoƙin duwatsu da gumakan katako ninki biyu ko uku na abin da ake sayar da su a kasuwannin Masai na cikin Nairobi. Ba a tilasta wa kowa saye ba. Narok ita ce wuri na ƙarshe da za a dogara da shi wajen cirar kuɗi a na'ura da sayen ruwa da ƙananan buƙatu da farashin gari, kuma direban ya yi mana wannan tuni, wanda ya rage mini kashe kuɗi daga baya.

Masaukin yana wajen gandun, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofa, kuma a nan ne asirin arahar yake. Tantuna ne manya da aka kafa a kan daɓen siminti, kowanne da gado da gidan sauro da banɗaki a bayansa. Ana kunna janareta na 'yan sa'o'i da asuba da kuma bayan magariba, ruwan wanka kuma da itace ake dafa shi, saboda haka wanda ya makara sai ya yi da mai sanyi. Wurin yana da tsabta, masu gadi 'yan ƙabilar Masai suna zagayawa da dare, kuma ban ga abin da ya saɓa wa hotunan da aka turo mini ba, sai dai hotunan ba su nuna cewa tantunan suna dab da juna ba. Yankin yana kan tudu da ya haura mita 1,500 daga teku, kuma sanyin asuba a watan Yuni ba na wasa ba ne, don haka rigar sanyi mai kauri tana cikin kasafi ga wanda ba shi da ita. Soket ɗin lantarki irin na Nijeriya ne mai baki uku, babu buƙatar sayen wani abu. Farashin da ake tallatawa na mutum biyu a tanti ɗaya ne. Wanda ya zo shi kaɗai kuma ba ya son a haɗa shi da baƙo zai biya ƙari a kowane dare, kuma wannan yana cikin takardata a fili.

Abinci sau uku a yini yana cikin kuɗin: shinkafa, da tuwon masara da suke kira ugali, da ganye, da wake, da wata irin gurasa da suke kira capati, da nama ko kaza, sai kuma ƙunshin abincin rana da ake tafiya da shi daji a ci a ƙarƙashin bishiya. Na rubuta musu tun da wuri cewa ba na cin naman alade kuma ina son naman da aka yanka bisa shari'a. Saƙon bai isa kicin ba sai da na maimaita da bakina, wanda ke cikin illolin miƙa baƙo daga hannu zuwa hannu, amma da mai dafa abincin ya ji bai yi gardama ba, ya ware mini kifi da ƙwai da wake ba tare da ƙarin ko sisi ba. Lemo da ruwan sha na masauki kuwa saye ake yi, da farashin da ya fi na gari. Kenya ta hana shiga gandayenta da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya tun shekarar 2020, saboda haka gorar da ake sake cikawa tana da amfani ta fuska biyu. Ba a sauka daga mota a cikin daji sai a wuraren da aka keɓe, don haka lokacin cin abincin rana shi ne damar yin salla, kuma direban ya jira ba tare da nuna ƙosawa ba.

Ya kamata a san cewa akwai wata Masai Mara ta daban da wannan farashi ba ya kaiwa gare ta. Masaukan da ke cikin gandun kansa suna ba mutum damar kasancewa a gaban namun daji tun fitowar rana ba tare da layin ƙofa ba. Sama da su kuma akwai filayen da ke kewaye da gandun, irin su Naboisho da Olare Motorogi da Mara North, waɗanda ake haya daga hannun masu ƙasa 'yan Masai ana biyan su kuɗi a kai a kai, inda ake taƙaita yawan motoci, ake kuma yarda da zagayen dare da tafiya a ƙasa, abubuwan da aka hana a cikin gandun gwamnati. Kwana ɗaya a wasu daga cikin waɗannan wurare yana iya fin kuɗin tafiyata gaba ɗaya. Masu zuwa can galibi ƙaramin jirgi suke hawa daga filin Wilson na Nairobi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, da kayan da ba su wuce kilo 15 ba, kuma zuwa da dawowa yakan haura dala 300. Kamfanin da na yi hulɗa da shi bai yi ƙoƙarin nuna cewa hajarsa daidai take da wannan ba.

Inda na fi samun abin faɗa shi ne layin da ke ƙasan takardar, wanda ya lissafa abubuwan da ba sa cikin farashi. Duk wanda ya taɓa shirin aikin Hajji ya san cewa kuɗin kujera daban, guzuri da hadaya da tsaraba daban, kuma wanda ya tsaya a kan kuɗin kujera kaɗai zai sha mamaki. To haka wannan lamari yake. Takardar ta ambaci tukuici a cikin abubuwan da aka cire, amma ba ta faɗi nawa ba, kamar wani abu ne na ganin dama. A aikace ba haka yake ba. Abin da aka saba shi ne kowane baƙo ya ba direba tsakanin dala 10 zuwa 20 a kowane yini, sannan a jefa wani abu a akwatin ma'aikatan masauki, kuma waɗannan mutane sun dogara da shi a matsayin wani ɓangare na abin da suke kai wa iyalansu. Kamfani ya san adadin sarai. Rashin rubuta shi yana sa farashi ya yi kyau a ido, amma yana jefa baƙo cikin jin kunya a ranar rabuwa, ko kuma ya tauye direban da ya yi aikinsa da kyau.

Ziyarar ƙauyen Masai ita ce babban ƙorafina. A takarda an rubuta cewa zaɓi ce, amma a safiyar rana ta uku sai kawai mota ta tsaya a ƙofar wani ƙauye, matasa suka fito da rawa da tsalle, sannan aka sanar da cewa kowa zai biya kuɗin shiga, wanda a irin waɗannan wurare yakan kama daga dala 20 zuwa 30. Wanda ba ya so yana iya zama a mota ya jira, sai dai zama a mota alhali mutane na tsaye suna yi maka maraba abu ne da mai kunya ba zai iya ba, kuma na tabbata an san da hakan. Ziyarar kanta ba ta da laifi: an nuna mana ɗakunan da mata ke ginawa da ƙasa da kashin shanu, da shingen ƙaya da ake killace dabbobi da dare, da yadda ake haƙo wuta da itace, kuma duk wanda ya san rugar Fulani zai sami tambayoyi masu yawa da zai yi. Amma daga ƙarshe ana bi da baƙo ta cikin da'irar masu sayar da sarƙoƙi, a nan ma kuɗi ke fita. Da an tambaye mu tun daren jiya, an faɗi adadin, da babu wanda zai ji an yi masa dabara. Hawan balan-balan mai tashi da zafin wuta da asuba shi ma an tallata mana, a kan kusan dala 450 zuwa 500 ga mutum ɗaya, amma wannan an yi shi a fili kuma da na ce a'a ba a sake tayar da maganar ba. Ga mai sha'awa, karin kumallon da ke biyo bayan saukar balan-balan ɗin ya haɗa da giya, kuma ba a rage wa wanda ba ya sha komai.

Direban, wanda shi ne kuma jagora, shi ya fanshi tafiyar. Ya san inda kowane garken zakuna ya saba kwanciya, yana karanta tashin ungulu da tsayuwar barewa, kuma ba ya rugawa duk lokacin da rediyon motar ya yi kira sai ya auna nisa da yawan motocin da za su riga shi. Da wani fasinja ya matsa masa ya sauka daga kan hanya don a matso kusa da damisar, ya ƙi, ya bayyana cewa akwai tara mai nauyi kuma a kansa za ta faɗa. A Kenya akwai ƙungiyar ƙwararrun jagororin safari da ke yi musu jarrabawa tana ba su daraja ta tagulla da ta azurfa da ta zinariya, kuma tambayar kamfani ko direbansa yana da ɗaya daga ciki ba ta cin ko kwabo. Matsalar ita ce a tsarin haɗaka kamfanin kansa ba ya sanin wanda zai tuƙa ka sai ana gobe tafiya, saboda haka abin da ya fi komai daraja a cikin hajar shi ne abin da ba za a iya rubuta maka a takarda ba.

Wajen biya, sun karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, sauran kuma a ofishinsu kafin a tashi. Biya da kati yana da ƙarin 'yan kaso cikin ɗari, turawa ta banki ma tana da nata cajin a ɓangarori biyu, kuma katunan naira suna da iyakar abin da za su iya kashewa a waje, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi dalar guzuri ta banki tun da sauran lokaci. Takardun dala su kasance sababbi marasa yagewa, domin tsofaffi ana ƙin karɓarsu ko a karye musu daraja. Ƙananan sayayya da shilin ɗin Kenya suka fi sauƙi, wanda a 'yan shekarun nan yake kusan 130 a dala ɗaya, kuma layin wayar kamfanin Safaricom mai M-Pesa, wato tsarin biyan kuɗi ta waya, yana biyan kusan komai har a ƙauye. Kafin in tura ko sisi na nemi lasisinsu na hukumar kula da yawon buɗe ido ta Kenya, na duba ko suna cikin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido da ake kira KATO, na kuma tabbatar asusun da zan tura wa kuɗi yana ɗauke da sunan kamfani ba na wani mutum ba. Sun ba da rasit a kan kowane biya.

Duk wannan lissafi daga Nairobi zuwa Nairobi ne. Ga wanda zai taso daga Nijeriya, tikitin jirgi yakan fi kuɗin safarin kansa. Kenya Airways na tashi kai tsaye daga Legas cikin kusan awa biyar, Ethiopian Airlines kuma na ɗauka daga Kano da Abuja ta biya ta Adis Ababa. Tun da motar safari da sassafe take tashi kuma da yamma take dawowa, kwana ɗaya a otal kafin tafiya da ɗaya bayanta kusan dole ne, tare da kuɗin mota daga filin jirgin Jomo Kenyatta da abincin waɗannan ranaku. Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga na intanet a farkon 2024 a kan kusan dala 30, sannan a 2025 ta sanar da ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka wannan sharaɗi, amma katin rigakafin cutar shawara yana nan daram ga mai zuwa daga yankinmu. Wannan sauƙin shiga yana cikin dalilan da suka sa Kenya ta fi Tanzaniya dacewa da mai fasfon Nijeriya, domin bizar Tanzaniya sai an tura buƙatarsa an jira amincewa ta musamman. Inshorar lafiya ma ba ta cikin farashin kamfani. Ƙungiyar likitocin jirgi ta AMREF tana sayar wa baƙi rajistar ɗan lokaci ta kwaso marar lafiya daga daji zuwa asibitin Nairobi, kuma idan aka dubi nisan wurin daga babban asibiti, ba kuɗin da za a yi ƙyashinsa ba ne.

Da na tattara abin da ya fita daga aljihuna tsakanin barin Nairobi da dawowa cikinta, tukuici da ƙauye da abin sha da 'yar tsaraba sun ɗora kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka rubuto. Babu ko ɗaya daga cikinsu da zan ce an ɓoye shi ɗungum, domin duk an ambace su a layin ƙasa, amma rabinsu an bar su babu adadi alhali an san adadin. A kan haka nake ganin kamfanin ya cika alkawarin da ya rubuta, ya gaza a wajen faɗin abin da bai rubuta ba. Zan iya sake hulɗa da shi, da sharaɗin a rubuta mini tukuici da kuɗin ƙauye da lambobi.

Hidimar ta dace da mutum ɗaya ko biyu masu ƙoshin lafiya da ba su damu da zama da baƙin fuska ba. Ba ta dace da dattijo mai ciwon baya ko ƙananan yara ba, saboda yinin tsakiya ana shafe kusan awa goma a mota a kan hanya mai gargada, babu mai tsayawa don mutum ɗaya. Iyalin da suka kai biyar ko shida kuwa su nemi farashin mota tasu su kaɗai kafin su yanke shawara, domin kuɗin mota da direba a kan mota ake lissafa shi ba a kan kai ba, kuma idan aka raba shi shida bambancinsa da na haɗaka ba shi da yawa, ga shi su ke da ikon cewa a bar yammacin ranar farko a shiga daji da asubar rana ta uku. Su kuma karanta sharaɗin fasa tafiya da kyau: a takardata, wanda ya janye ana saura mako biyu ba a mayar masa da kafin alƙalaminsa, sai dai a ɗaga masa rana, kuma idan sabuwar ranar ta faɗa bayan 30 ga Yuni, shi zai cika bambancin kuɗin ƙofa.